Littafin Aikin Ƙungiyar Yara Masu Harba Rokar Ruwa

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yau muka yi zama na farko. Yara goma sha huɗu suka zo, ƙaraminsu ɗan shekara 9, babbansu ɗan shekara 13, shida daga cikinsu 'yan mata. Niyyata ita ce mu riƙa haɗuwa kowace Asabar har makonni takwas, in ga ko za a iya cusa wa yaro son kimiyya da aikin injiniya da binciken sararin samaniya ba tare da ɗakin gwaje-gwaje ba, kuma zan rubuta duk abin da ya faru, mai daɗi da marar daɗi, saboda wanda zai so ya gwada irinsa.

Na kwana biyu ina shirya jawabi. Na fara da Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko da Tarayyar Sobiyat ta harba ranar 4 ga Oktoba, 1957, na wuce zuwa Yuri Gagarin da ya zagaya duniya cikin minti 108 ranar 12 ga Afrilu, 1961, sannan saukar 'yan sama jannatin Amurka a kan wata a Yulin 1969. Tun kafin in gama da Gagarin hankalin rabinsu ya koma waje, wasu suna hamma, biyu suna wasa da murfin biro. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, yaushe za mu yi rokar?" Ban tanadi amsar wannan tambaya ba, domin a tsarina sai mako na huɗu za a taɓa wani abu da hannu.

Minti goman ƙarshe ne kawai suka yi amfani. Na hura balan-balan na sake shi, ya zagaya ɗakin, na tambaye su abin da ya tura shi gaba. Gardama ta kaure nan take, har iyaye suka zo ɗaukar su ba su gama ba. Na sauya tsarin gaba ɗaya a daren yau.

Kuɗin da na ware daga aljihuna na raba gida uku: ɗaya na famfo da kayan harbi, ɗaya na takardu da kayan awo, ɗaya kuma na ajiye saboda ɓacin rana.

Asabar, 11 ga Janairu

Takwas suka dawo. Na san jawabin makon jiya ne ya kori sauran, kuma abin ya dame ni.

Tunda kayan roka ba su haɗu ba, sai muka fita fili muka auna nisan duniyoyin da ke zagaya rana da ƙafafunmu. Ƙwallon ƙafa mai faɗin santimita 22 ta tsaya a matsayin rana. A wannan ma'auni duniyarmu ba ta wuce milimita 2 ba, kamar kan allurar da tela ke maƙale yadi da ita, kuma wurinta yana nisan mita 24 daga ƙwallon. Na ba kowane yaro kati da aka manna wa duniyarsa, na ce ya fara tsayawa inda yake zaton ya dace kafin mu ja igiyar awo. Dukansu suka taru cikin taku goma daga ƙwallon, domin haka zane-zanen littattafan makaranta suka nuna musu, duniyoyi a jere kafaɗa da kafaɗa.

Da muka auna, mai riƙe da Mars ya koma mita 36, mai riƙe da Jupita, wadda girmanta a nan ya ɗan haura santimita 2, ya yi ta tafiya har mita 123, yana waiwaye yana tambaya ko ya isa. Neftun tana bukatar fiye da mita 700, filin kuwa bai kai ba. Wata yarinya 'yar shekara 11 ta tsuguna ta dubi kan allurar, ta dubi ƙwallon can nesa, ta ce, "Malam, to me ke tsakaninsu?" Na ce kusan babu komai, kuma hasken rana yana ɗaukar minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi kafin ya ratsa wannan tazara, wadda a zahiri kimanin kilomita miliyan 150 ce. Ta tambayi inda wata yake, na nuna mata santimita 6 daga kan allurar, na ce iyakar inda ƙafar ɗan'adam ta taɓa takawa ke nan. Ta yi shiru, sannan ta roƙi in ba ta katin ta tafi da shi gida. Ita na naɗa mai riƙe littafin awo.

Laraba, 15 ga Janairu

Na sayi famfon keke mai agogon auna iska, ya cinye kusan duk kason farko. Mai gyaran keke ya ba ni bawul uku daga tsofaffin tayoyi kyauta. Na tara gorunan roba guda tara masu cin lita 2, irin waɗanda aka yi don abin sha mai gas, domin su aka ƙera su jure matsin iska, gorar ruwa kuwa ba ta da wannan ƙwarin. Na huda matoshi na cusa bawul a ciki.

Asabar, 18 ga Janairu

Yara goma sha ɗaya, domin labari ya bazu cewa yau za a harba. Na raba su rukuni uku, kowane rukuni ya yanka fukafukai daga kwali ya manna wa gorarsa. An zuba ruwa, an toshe baki, an kifa gorar tsakanin bulo uku, ana bugun famfo har matoshin ya fice da kansa.

Rokar farko ta tashi da ƙara ta jiƙa mai bugun famfo sharkaf, ta yi sama kamar tsayin gini mai hawa biyu, sannan ta fara wuntsila gudidi ta faɗo a gefe. Ihun da suka yi ban ji irinsa ba tun da muka fara. Dukan rokokin uku haka suka yi ta wuntsilawa, kuma bayan harbi biyu kwalin ya jiƙe ya saki. Ban gaya musu dalili ba. Na sa suka ɗora gorar a kan yatsa suka nemo inda take daidaita, suka ga wurin yana kusa da gindi, wajen fukafukai. Na kawo kibiya ta wasa suka gwada, suka ga nauyinta yana gaba, gashinta yana baya. Wani yaro ya ce ashe sai an sa wa kan rokar nauyi, kuma gaskiya ya faɗa: idan tsakiyar nauyi tana gaban wurin da iska ke turawa, iskar da kanta take miƙar da rokar duk lokacin da ta karkace.

A nan na ba su labarin Robert Goddard, wanda ya harba roka ta farko mai amfani da mai na ruwa ranar 16 ga Maris, 1926, a Amurka, ta tashi kimanin mita 12 da rabi, ta yi daƙiƙa biyu da rabi a sama ta faɗo. Irin labarin da suka yi wa hamma makonni biyu da suka wuce ne, amma yau sun sa na maimaita adadin mitocin, kuma suka yi alkawarin wuce shi a mako mai zuwa.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun yi hatsari, kuma laifina ne.

Mun maye kwali da fukafukan roba da muka yanko daga tsohon fayil, muka cusa wa kowace roka curin yumɓu a kai. Gyaran ya yi aiki, rokoki biyu na farko suka miƙe sambal. A harbi na uku gorar ta zame daga bulo ɗaya yayin da ake bugun famfo, ta kwanta ta fuskanci inda yaran suke, matoshin ya fice kafin in ce a dakata. Ta bugi wani yaro ɗan shekara 10 a kafaɗa, ƙasa da tafin hannu ɗaya daga fuskarsa. Wurin ya kumbura ya yi ja, babu karaya, amma ya yi kuka sosai, sauran kuma suka yi cirko-cirko.

Na zauna na bi abin daki-daki. Makon jiya gorar ba ta da nauyi, ko ta faɗo wa mutum ba za ta yi masa illa ba. Yau na ƙara mata yumɓu mai tauri a kai, na mayar da ita abin da ke tafiya a miƙe da ƙarfi, amma ban sauya komai a tsarin tsaro ba. Tiyon famfon bai wuce mita ɗaya ba, babu layin da aka hana ƙetarewa, bulo ba matsayin harbi ba ne, kuma matoshin da ke ficewa lokacin da ya ga dama yana nufin babu wanda ke da ikon tsayar da harbi idan wani abu ya karkace. Murnar da na ga suna yi ce ta ɗauke mini hankali daga abin da ya kamata in fara dubawa.

Na dakatar da harbi har sai an cika waɗannan: tiyo mai tsawon mita 5, matsayi na katako da sanda a tsaye da za ta riƙe rokar, maƙulli da ake ja da igiya daga nesa, layi a mita 10 da kowa zai tsaya bayansa, tabarau na kariya ga mai bugun famfo, soso a kan kowace roka, da jefar da duk gorar da ta karce ko ta lotse. Wannan zai cinye kason ɓacin rana duka, har ya taɓa na takardu.

Talata, 28 ga Janairu

Na je na ga mahaifin yaron. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ban hana shi ilimi ba, amma ido idan ya tafi ba ya dawowa." Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiyarka ce, kuma ba zan roƙe ka ka bar shi ya dawo ba sai ka ga gyaran da idonka." Ya ce zai duba. Na rubuta wa sauran iyayen abin da ya faru ba tare da rage komai ba, uwa ɗaya ta janye 'ya'yanta biyu.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Tunda babu harbi, muka haɗu bayan faɗuwar rana. Wani abokina ya ara mini ƙaramin madubin hangen nesa mai faɗin milimita 70, bisa sharaɗin da ni ma na maimaita wa yaran sau uku, cewa ba a taɓa juya shi wajen rana, domin yana iya makantar da mutum nan take. Yara takwas da iyaye huɗu suka zo.

Mun yi sa'ar dare. Jinjirin wata ɗan kwana uku yana yamma, Zara tana gefensa tana walƙiya, kuma ana iya ganin sauran jikin watan dishi-dishi da hasken da duniyarmu ke mayar masa. Na bar su suka fara kallon watan, suka ga ramuka a bakin inda haske ya yi iyaka da duhu, domin a nan inuwa ta fi tsawo. Da na juya madubin kan Zara, yaro na farko ya ce na yi kuskure na sake nuna masa wata, saboda abin da ya gani ba ɗigo ba ne, siffar wata ce da bai kai rabi ba. Na bayyana musu cewa Zara duniya ce mai kusan girman tamu, ba ta da hasken kanta, kuma tunda ta fi mu kusa da rana, ɓangaren da rana ta haska kawai muke gani. Wata uwa ta karɓi layi sau biyu.

Daga nan muka koma Jupita, can sama kusa da Kaza da 'Ya'yanta. Ƙafafun madubin suna rawa da ɗan motsi kaɗan, sai da na rataya masa jaka mai nauyi a tsakiya ya natsu. Sai kuma wata rigima ta taso, domin duk bayan minti ɗaya ko biyu Jupita takan sulale ta fita daga madubin, kowa yana zargin na gabansa da taɓawa. Na sa kowa ya ja da baya, aka bar madubin shi kaɗai, mai riƙe littafin awo ta leƙa ba ta taɓa ba, ta ga ɗigon yana tafiya a hankali har ya ɓace. Ƙasar da suke tsaye a kanta ce ke juyawa da su da madubin. Sun san wannan daga aji, amma na ga yadda biyu daga cikinsu suka dubi ƙafafunsu.

Kowa ya zana Jupita da ƙananan ɗigogin da ke jere a gefenta, wasu sun ga uku, wasu huɗu.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Biyar suka dawo na minti ashirin don sake zana ɗigogin. Jerin ya sauya. Na gaya musu cewa Galileo, masanin taurari ɗan ƙasar Italiya, ya yi irin wannan zane dare bayan dare a Janairun 1610, ya gane cewa watanni ne huɗu masu zagaya Jupita, kuma na kusa da ita ba ya cika kwana biyu yake kammala zagaye. Na mayar da madubin.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Matsayin katako, dogon tiyo, tabarau da layi sun samu, maƙulli ne bai kammala ba, don haka muka ci gaba da matoshi, kowa yana bayan layi. Mahaifin yaron da ya ji rauni ya zo ya tsaya a gefe ya kalli harbi biyu, sannan ya ce wa ɗansa ya je ya shiga rukuninsa.

Tambayar yau ita ce yawan ruwan da ya fi kai roka sama. Don auna tsayi, mun rataya zare mai ɗan nauyi a ma'aunin kusurwa na akwatin lissafi, muka manna masa tsinken roba mai rami da ake leƙawa. Mai awo yana tsayawa a mita 30, ya bi rokar har ƙololuwa, ya danne zaren, a karanta kusurwa. Ban koya musu lissafin kusurwoyi ba, takarda mai layi-layi suka ɗauka suka zana alwatika, santimita ɗaya a madadin mita 2, suka auna tsayin da rula.

Mun harba sau goma sha biyu, kuma sakamakon ya fito a hargitse. Da ruwa kashi ɗaya cikin uku roka ta kai mita 24 sau ɗaya, sannan mita 13 da ruwa iri ɗaya. Rukunai suka fara zargin mai awo, ni kuma ina zaton iskar da ke kaɗawa ce. Mai riƙe littafin awo ce ta warware mana. Ba wanda ya sa ta, amma tun harbi na huɗu take tambayar mai bugun famfo lambar da allurar agogon ta kai kafin matoshin ya fice, tana rubutawa a gefen shafi: 22, 35, 28, 19. Ta ce, "Malam, ba ruwan kaɗai ke sauyawa ba, wanda ya fi danna matoshin shi ke cin gasa." Ta jera sakamakon bisa lambar agogo, tsayin ya bi jerin kusan daidai.

Aikin yini guda ya tashi a banza ta fuskar tambayarmu, amma ban taɓa samun hanyar da ta fi wannan ba ta nuna wa yaro dalilin da ya sa ake sauya abu ɗaya tak a gwaji a bar sauran yadda suke. Na ba ta labarin Katherine Johnson, masaniyar lissafi a NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wadda ɗan sama jannati John Glenn ya nemi ta tantance alƙaluman kwamfuta da hannu kafin ya zagaya duniya a 1962. Ta tambaye ni yadda ake rubuta sunan, ta rubuta shi a bangon littafin.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Babu harbi. Na haɗa maƙullin da bututun roba na masu aikin famfo da igiyoyin roba masu haƙora da ake ɗaure wayoyi, waɗanda ke kama wuyan gorar har sai an ja zoben da ya danne su. Iska tana zurarewa tun allura ba ta kai 20 ba. Yaran suka shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa suka gano kumfa a wuri biyu. Mun sake mannawa, sai gam ya bushe. Kuɗin da na ware ya ƙare, iyaye biyu suka ɗauki nauyin sabon gam da zoben roba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yara tara. Maƙullin ya riƙe. Kowane harbi an tsayar da allura a kan 40, gora iri ɗaya aka yi amfani da ita, mai awo ɗaya, kuma kowane yawan ruwa an gwada shi sau uku aka ɗauki matsakaici. Ba ruwa ko kaɗan, mita 8. Rubu'in gora, mita 24. Kashi ɗaya cikin uku, mita 27. Rabi, mita 21. Yaron da aka buga a kafaɗa shi ya ja igiyar harbin da ya fi kowanne nisa, kuma shi ya fara lissafa cewa sun ninka Goddard har da ɗoriya.

Na bar su suka yi bayanin da kansu, na gyara inda ya karkace. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka idan aka watso shi ƙasa yakan tura gorar sama da ƙarfin da iska kaɗai ba za ta iya ba, wato dokar Newton ta uku, mai cewa duk abin da ka tura shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka, wadda balan-balan ya nuna musu ranar farko. Idan ruwan ya yi yawa kuma, wurin iskar da ke tura shi ya ragu, ga nauyin da rokar za ta ɗauka ya ƙaru. Na ce musu rokar Saturn V da ta kai mutane wata, mai tsayin kimanin mita 111, kusan kashi tara cikin goma na nauyinta mai ne da sinadarin ƙona shi, kuma injiniyoyinta sun yi fama da tambaya irin tasu. Wani ya tambaya ko za a iya ɗora gora a kan gora, ta ƙasa ta faɗi idan ta ƙare. Na ce haka aka gina Saturn V, hawa uku.

Abin da aka kashe ya zarce kasafina da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, kuma kayan tsaro, waɗanda ban sa a lissafin farko ba, su ne suka fi komai ci bayan famfo. Makonni takwas sun cika, amma yaran sun ƙi yarda a tsaya, don haka na ƙara huɗu. Za mu fara da lema da za ta sauko da rokar a hankali, daga ledar shara da zare, kuma matsalar da na hango ita ce yadda kan rokar zai buɗe a ƙololuwa ba tun a ƙasa ba. Zan duba jadawalin da NASA ke wallafawa na lokutan wucewar Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ke kimanin kilomita 400 a sama tana zagaya duniya cikin kusan minti 90, domin ana ganinta da ido ba madubi, mu zaɓi maraice ɗaya a Maris. Zan kuma sake rubuta wa uwar da ta janye 'ya'yanta, da iyayen yara uku da ba su dawo ba tun ranar jawabi. Ana bukatar gora shida sababbi kafin Asabar, domin huɗu sun lotse yau.